Takardun da Suka Daɗe a Cikin Kwali

Tun da aka kawo kwamfuta ofishin nan namu na kati, duk ɗaliban da ake turo mana koyon aiki da magana ɗaya suke zuwa. Wai ba wa cuta lamba kwafa ce kawai: ka duba abin da likita ya rubuta, ka buga haruffan farko, na'ura ta jero maka lambobi, ka danna ɗaya. Makon jiya wata a cikinku ta rufe folda arba'in kafin azahar, ta zo tana nuna mini kamar in tafa mata. Na ɗauki biyar na buɗe. Uku daga ciki an yi musu tiyata, an ɗebi tsoka an kai gwaji, sakamakon bai dawo ba. Na tambaye ta da me ta ba su lamba, ta ce da abin da ke shafin farko. Shi ya sa na ce yau ku ajiye wayoyin nan ku jawo kujeru. Watanni kaɗan suka rage mini in yi ritaya, kuma ban yarda in tafi in bar ku da wannan tunanin ba.

Sunana Saratu, ko da yake na san Madam Kati kuke ce mini idan na ba da baya. Iyayena daga kudancin Borno suka zo, babana akawu ne, a unguwar Bulumkutu ta garin nan na girma kuma can nake har yau. Ina da shekara ashirin da biyu aka ɗauke ni aiki a asibitin nan, aka kai ni gaban wani dattijo mai suna Ba Modu, Kanuri ne ɗan unguwar Lamisula, wanda shi kaɗai ke ba da lambar cuta ga majinyatan da aka kwantar. Hausarsa irin ta tsofaffin garin nan ce, mace ma "kai" yake ce mata. Kayan aikinsa ba su da yawa. Littafin lambobi mujalladi uku, bangonsu ya ɗaye har ya ɗinke su da zaren buhu. Fensir da magogi, domin bai yarda a rubuta lamba da biro ba sai ta tabbata. Katunan fihirisa, kowace cuta da katinta. Ƙananan takardu rawaya da muke aika wa likitoci tambaya a kansu. Sai wani akwatin katako a ƙarƙashin tagar can, inda firinta take yanzu, wanda yake kira akwatin jira.

Bari in fara da abin da ake jira, domin na lura wasunku ba su taɓa taka ɗakin gwajin tsoka ba. Idan likita ya yanko wani abu daga jikin mutum, ƙari ne ko guntun hanji ko mahaifa, ana sa shi a kwalba cikin ruwan magani a kai can. Akwai likita a ɗakin wanda ba ya ganin majinyata sam. Tsokar yake yankawa sirara-sirara, a rina ta, ya duba a madubin ƙara girman abu, ya rubuta abin da ya gani. Aikin yana cin makonni. Kafin takardarsa ta iso, majinyaci ya daɗe da sallama, an canza zanin gadon, wani ya kwanta a kai. Foldarsa kuma tana gabanku tana jiran lamba. A wannan tsakanin ne duk wahalar sana'armu take.

Folda ta farko da na ba lamba da hannuna ta wata mata ce da aka cire wa ƙulli a nono. Likita ya rubuta cutar kansa, wato ciwon daji, a takardar sallama. Na buɗe mujalladi na uku na nemo kalmar, na koma na farko na tabbatar kamar yadda aka koya mini, na rubuta C50, na kai wa Ba Modu ina jin kaina. Ya ɗora rula ƙarƙashin layin da likitan ya rubuta.

"Wannan ƙugiyar da ke gaban kalmar, mene ne?"

Na ce, "Alamar tambaya ce, Ba Modu."

"Likita yana tambaya, kai kana ba shi amsa. A ina ka yi karatun likita?"

Ya sa na goge, na kai foldar akwatin jira. Bayan mako uku takardar gwaji ta zo ta ce ƙullin ba kansa ba ne, irin wanda ake cirewa a manta da shi ne. Da lambata ta zauna, da sunan matar nan ya hau katin masu kansa, ya shiga lissafin da ake aika wa ma'aikatar lafiya, kuma duk likitan da ya buɗe foldarta bayan shekara goma abin da zai fara gani ke nan.

Daga nan na ɗauka na gane sirrin: takardar gwajin tsoka ita ce gaskiya, duk abin da ta ce shi ne lamba. Ban yi wata biyu ba na sake faɗawa rami. Wani tsoho ne aka yi wa aikin mafitsara, likita ya rubuta kumburin da tsufa ke kawowa. Takardar gwaji ta zo ta ce kansa ce, baƙi a kan fari, da sa hannun likitan gwaji. Na rubuta lambar kansa na miƙa. Ba Modu ya juya shafukan foldar ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

"Likitan da ya kwantar da tsohon nan, a ina ya rubuta kansa?"

"Bai rubuta ba. Amma ga takardar gwaji."

"Mai gwaji tsoka ya gani, bai ga tsoho ba. Ɗauki takarda rawaya, je ka nemi likitansa."

Na ce ai ɓata lokaci ne, tun da mun san amsar. Ranar ce kaɗai na ga ya ajiye fensirinsa ya cire tabarau. Ya ce mini idan na gyara lambar ni kaɗai, folda ta yi daidai, amma wa ya gaya wa likitan? Wa ya gaya wa tsohon? Dokar ke nan, kuma har yau ba ta canza ba. Idan likitan majinyaci ya riga ya rubuta cutar, kuna iya ɗauko ƙarin bayani daga takardar gwaji, wane ɓangare ne, wane iri ne. Amma idan takardar ta kawo sabuwar cuta, ko ta saɓa wa abin da ya rubuta, hannunku ba ya taɓa lamba sai ya gani ya rubuta da kansa. Na'urar da kuke taƙama da ita ba ta san wannan ba. Duk abin da ka buga mata karɓa take yi.

Neman likita kuwa shi ne rabin aikin da ba a koyarwa a makarantarku. Su ne masu hulɗa da mu, kuma yawancinsu ba su san muna raye ba. Na yi tsayuwar awa biyu a bakin ɗakin tiyata domin kalma ɗaya. Na bi wani har wurin ajiye motoci da folda a hannu. Akwai wanda rubutunsa sai mun taru mu uku muna juya takardar kamar masu duba. Akwai wadda ta taɓa jefo mini takardata rawaya ta taga, ta ce ’yan kati su tsaya a kan kati. Na tsince ta na kakkaɓe, washegari na mayar mata, ta sa hannu. Ba a fushi a wannan aikin a gaban likita. A dawo ofis a yi.

Ba Modu ya yi ritaya kafin shekarar da rikici ya yi tsanani a garin nan, kuma na gode wa Allah da bai ga abin da aka yi wa ofishinsa ba. Wasunku kuna firamare lokacin. An rufe layukan waya, shingen sojoji a kowace kwana, dokar hana fita tana sauka ba sanarwa. Likitanmu na gwajin tsoka ya kwashe iyalinsa ya bar gari, ban kuma ga laifinsa ba. Sai aka koma tara kwalabe a kai wani gari mai nisa a mota, duk ranar da hanya ta buɗe. Sakamakon da ke zuwa cikin mako uku ya koma wata biyu, wani lokaci uku. A da kwafi biyu ake yi, ɗaya na likita, ɗaya namu. Daga can kuwa kwafi ɗaya tak ake aikowa, cikin babban ambulan da sunan asibiti, kuma a teburina direba yake sauke shi.

A cikin wannan halin aka turo mana sabon shugaban ofis, mutumin da bai taɓa ba wa folda ɗaya lamba ba a rayuwarsa. Mu huɗu muka rage a ofishin. Ya tarar da akwatin jira ya cika ya tumbatsa, foldoji a jere har kan taga, ana kuma matsa masa daga sama a kan lissafin wata. Ya tara mu ya ce daga yau duk folda a rufe ta cikin kwana uku da sallama, da abin da likita ya rubuta, ko da alamar tambaya ko babu, a kai ta sito.

Na ce, "Oga, takardun gwajin fa idan sun zo?"

Ya ce, "Ki buga musu hatimin karɓa ki ajiye. Idan majinyaci ya dawo ganin likita, za su aiko a nema."

Na ce masa ba dawowa suke yi ba. Wanda ke ƙauye hanya ta rufe masa, wanda ke cikin gari yana tsoron shinge.

Ya ce, "Madam Saratu, lissafi ake nema a wurina, ba tarihi ba."

Aka kwashe akwatin jira, ya ɗora fankarsa a kai. Ni kuma, ina so ku ji wannan da kyau, na bi umarni. Na yi gardama sau ɗaya a taro, na koma teburina. Duk ambulan da ya zo na farke, na buga wa kowace takarda hatimi da kwanan wata, na sa hannu a ƙasa, na jefa a wani kwalin taliya da ke gefen ƙafata. Ban karanta su ba. Foldojin waɗanda suka ji rauni suna zuwa da yawan da ban taɓa gani ba, nakan ce wa kaina gobe zan duba kwalin. Wajen wata shida ina cewa gobe.

Wata safiya mun iso aiki ke nan aka sa dokar hana fita ta yini guda. Ba a sallami kowa ba, ba folda ko ɗaya da ta sauko. Na zauna ba abin yi, sai na jawo kwalin na ɗauki takardun sama-sama, na tafi sito ina zaro foldojinsu ina haɗawa. Ta farko daidai, ta biyu daidai. Ta shida ko ta bakwai ita ce ta wani Malam Adam, dillalin shanu, mai shekara arba'in da ɗoriya.

An kwantar da shi da ciwon ciki da rama. Babban likitan tiyata, Dakta Haruna, ya buɗe shi ya tarar da ƙulli a inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, ga wasu ƙwayoyi kamar gero sun bazu a duk bangon cikin. Ya ɗebi guntu domin gwaji, ya rufe, ya rubuta kansar hanji wadda ta riga ta bazu. Ko alamar tambaya bai sa ba. Aka sallame shi da maganin rage zafi, aka gaya wa iyalinsa su kai shi gida su kula da shi. Lambar da ke gaban foldar C18 ce, da rubutuna. Takardar gwaji kuma ta ce babu kansa a tsokar nan. Tibi ce, ƙwayar cutar tarin fuka, amma a hanji. Cutar da ake warkewa da ƙwayoyi.

Na lissafa. Wata uku da yi masa aiki, mako biyar da takardar ta shiga kwalina.

Minti ɗaya ya ishe ni in soke C in rubuta A18 in mayar da foldar sito, lissafinmu ya gyaru, ba wanda zai sani. Na cika takarda rawaya, na manna takardar gwajin a bayanta, na kai ofishin Dakta Haruna. Ba na cewa mugun mutum ne. A lokacin shi kaɗai ya rage cikin manyan likitocin tiyata, tun safe yana tsaye a kan mutanen da aka harba. Amma ya ce in ajiye wa sakatariyarsa, na ajiye. Washegari na koma, tana nan inda na bar ta, an ɗora kofin shayi a kai. Rana ta uku na ɗauke ta, na je na tsaya a ƙofar ɗakin da suke canza kaya. Da ya fito na tare hanya.

Ya ce, "Madam, kin san mutum nawa ke jirana?"

Na ce, "Layi biyu ne, Dakta."

"Yanzu ’yan kati ne za su koya mini aikina?"

Na ce, "Ni ban san aikinka ba, Dakta, nawa na sani. Ba ni da ikon canza lambar nan sai ka rubuta, kai kuma ba za ka rubuta ba sai ka karanta. Idan ka karanta ka ce kansa ce, in bar ta yadda take in tafi."

Ya fizge foldar, yana tafiya yana dubawa. Bai yi taku biyar ba ya tsaya. Ya koma shafin da ya rubuta bayanin tiyatar, ya sake dawowa kan takardar. Ya jingina da bango, ya ciro biro ya rubuta sabuwar cutar da kwanan wata, ya sa hannu.

Ya ce, "Yana ina mutumin nan?"

Na ce, "Adireshin da ke folda Kasuwar Shanu kawai ya ce. Akwai lambar waya, amma ka san babu layi."

Ya rubuta wasiƙa a tsaye cewa yana son ganin Malam Adam da gaggawa. Ya duba hagu da dama ko akwai wanda zai aika, bai ga kowa ba sai ni.

Ba aikina ba ne, kuma ba na ce muku aikinku ne ba. Amma na hau keke napep, muka wuce shinge uku, a kowanne sai na sauka na nuna katin aiki. Kasuwar ta yi fayau, turaku da yawa babu dabba, dillalai suna zaune a rumfa ba ciniki. Da na ambaci sunansa wani dattijo ya ce, "Allah sarki, Adam. Jiya ma mun je duba shi. Sai dai addu'a." Shi ya raka ni har ƙofar gidan, ba nisa da kasuwar.

Matarsa, Ya Falmata, ta shigar da ni. Yana kwance a kan tabarma a inuwar darbejiya, ƙashi da fata, cikin ya kumbura. Na gaishe shi na ba da wasiƙar, na ce likita yana nemansa.

Ya ce, "Sun ce in koma gida in yi addu'a. Na koma, ina yi. Me kuma ya rage?"

Ba ni da hurumin gaya wa majinyaci cutarsa, wannan ma doka ce. Na ce, "Malam Adam, ni ba likita ba ce, ’yar ofishin kati ce. Sakamakon tsokar da aka ɗiba a jikinka ya iso, likita ya karanta a gabana. Ba ya aiken mutum ya ratsa shinge uku a kan labarin da ya riga ya gaya maka."

Ya juya fuskarsa ga bango, ya ce ya gaji da asibiti, a bar shi ya cika a gidansa. Ya Falmata ba ta yi gardama da shi ba. Ta dube ni ta ce, "Keken da ya kawo ki yana waje?" Na ce yana nan. Ta shiga ɗaki ta yafo lafayarta, ta kira maƙwabta biyu, suka ɗauke shi da tabarmar gaba ɗaya.

A ranar aka fara ba shi maganin tibi. Wata biyu ya fara tafiya da sanda, kafin shekara ta zagayo ya koma kasuwa. Har yanzu idan ya kawo wani asibiti yakan leƙo ta tagar can ya ce wushe, gaisuwar Kanuri. Kun gan shi, dogon nan mai farar hula, kun ɗauka wani ɗan'uwana ne.

Da labarin a nan ya ƙare, da na daɗe ina ba da shi da daɗin rai. Dakta Haruna ya ce a kai masa kwalin gaba ɗaya. Kwana huɗu muna yi, ina zaro foldoji daga sito, shi yana dubawa tsakanin tiyata da tiyata. Shugaban ofishinmu kuwa abin da ya ga ya dace shi ne ya ba ni takardar tuhuma: na bar wurin aiki ba izini, na kuma buɗe foldojin da aka riga aka rufe, abin da zai ɓata lissafin watannin da ya riga ya aika. Lissafin da ke cike da ƙarya. Na amsa masa a rubuce, shafi biyu. Bai taɓa ba ni amsa ba, kuma bayan shekara guda aka ƙara masa girma aka mayar da shi wani wuri. Ranar da ya tafi na sauke fankar daga kan akwatin.

Yawancin takardun kwalin sun yi daidai da abin da likitoci suka rubuta. Kaɗan sun bambanta a abin da bai cutar da kowa ba. A can ƙasa, cikin waɗanda suka fara shiga, akwai ta Malama Hannatu.

Malamar firamare ce a Bulumkutu, shekararta talatin da takwas. Ta zo da ciwon gefen ciki, Dakta Haruna ya cire mata afendis, ’yar wutsiyar nan da ke jikin hanji, ta yi kwana huɗu aka sallame ta tana dariya da nas-nas. Lambarta K35, aikin da muke gani kullum. Takardar gwaji ta ce akwai kansa a gindin afendis ɗin, kuma ta kai har bakin inda aka yanke. Ma'ana akwai saura a ciki, ana bukatar a sake buɗe ta a cire wani ɓangare na hanji tun bai yi nisa ba. Takardar ta yi wata biyar a kwalin.

Likita ya sake rubuta wasiƙa. Wannan karon ban bukaci mai raka ni ba, unguwarmu ce, layi huɗu tsakaninmu. Na tarar da benci-bencin coci a jingine a ƙofar gida ba a riga an mayar ba. Mijinta, Malam Ishaya, akawun cocinsu ne. Ya ce kwana goma sha ɗaya da binne ta. Cikin ya toshe mata farat ɗaya a ranar da aka hana fita, kafin su samu hanya washegari ta riga ta galabaita, ta cika a wani ƙaramin asibiti kusa da gida. Ya karanta wasiƙar, ya ce zai zo.

Ya zo da safe, da riga mai guga, ya zauna a gaban teburin Dakta Haruna. Likitan ya ce in tsaya, na tsaya daga bakin ƙofa. Bai ɓoye masa kome ba. Ya gaya masa abin da gwajin ya nuna, da aikin da ya kamata a yi.

Malam Ishaya ya ce, "Da an yi, da ta rayu?"

Likita ya ce, "Ban sani ba, Malam. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce a'a ba. Amma da ta samu dama, kuma ba mu ba ta ba."

Ya ce a ba shi takardar ya gani. Turancin likitoci bai tsaya a kai ba. Akawu ne, idonsa kan hatimi ya sauka. Ya ɗora yatsa a kan kwanan watan, ya daɗe yana lissafi a ransa.

Ya ce, "A wannan watan ita ta shirya wa ’yan ajinta jarrabawa. Da ƙafarta take zuwa makaranta ta dawo." Ya matsar da yatsan ƙasa kaɗan. "Wannan sa hannun na wane ne?"

Dakta Haruna ya buɗe baki zai yi magana a kan halin da gari yake ciki. Na riga shi.

Na ce, "Nawa ne, Malam. Ni na karɓe ta. Ban karanta ba, na ajiye."

Ya juyo ya dube ni sosai, irin kallon da ake yi wa wanda aka saba gani a hanya ba a san sunansa ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya miƙar da gefen takardar da ya lanƙwashe a cikin kwali, ya ajiye ta a kan foldar.

Ya ce, "A gaban foldar nan me kuka rubuta mata?"

Na ce, "Afendis."

Ya ce, "To, ku gyara. Malama ce. Ba ta barin kuskure a takarda, ko ta yaron da ya riga ya bar ajinta."

Ya tashi ya yi mana sallama ya fita. Likita ya jawo foldar ya rubuta cutar da sunanta, ya sa kwanan watan ranar, ya sa hannu, ya turo mini. Na kawo ta nan, kan wannan teburin, na buɗe mujalladi na uku na nemo kalmar, na koma na farko na tabbatar. Sannan na ja layi ɗaya a kan tsohuwar lambar yadda za a iya karanta ta, na rubuta C18.1 a gefe da biro, na sa hannuna a ƙasa.